Wadda Ta Hau Tarago

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe 9:20 na safe

Littafin Baba Direba, tsohon direban jirgin ƙasa, ya dawo. Wata bakwai na yi ina juya shi zuwa Larabci. Ya tafi kamfanin ƙasar waje da zai buga shi fari tas, ya dawo kamar ciyawa ta tsiro a kansa. Mai Koren Biro ya bi shi layi-layi. Shi ne mai duba fassara a can. Ban taɓa ganinsa ba, ban san ko dogo ne ko gajere ba, amma shekara goma sha huɗu ke nan ina karanta ladabinsa a gefen takarda. "Da izinin mai fassara mai daraja." "Don sauƙin masu karatunmu." Bai taɓa zagina ba, ni kuwa da zagin ne da na san abin yi.

Kwalbar giyar da ke babi na biyu ta koma lemo. Abokin Baba mai zuwa coci ya koma "maƙwabci nagari". Yajin aiki ya koma "rashin jituwa". Duk na saba, ko a jikina.

Sai babi na tara. Don shi Baba ya yi littafin gaba ɗaya. Shekara arba'in da suka wuce, ranar da masu kaki suka zo watsa ma'aikatan jirgin ƙasa masu yaji, Baba ya gudu ya ɓuya a rumbun gawayi. Matarsa, wadda kowa ke kira Gajeriya, mai sayar da shayi a tasha, ita ta jawo teburinta ta taka, ta hau kan tarago ta yi magana, har mutane suka zauna a kan layin dogo suka ƙi tashi. Washegari jaridu suka ce shi ne. Ya yi shiru, aka naɗa shi shugaban ƙungiya, ya ci wannan suna har ta rasu. Yanzu yana da shekara tamanin da huɗu, ido ya tafi, yana so ya mayar mata da kayanta.

Mai Koren Biro ya ɗora Baba a kan taragon. Ita kuma ya mayar da ita gida tana addu'a.

Litinin, ƙarfe 1:00 na rana

Kujerar Ɗan Ƙamus, abokin teburina, babu kowa. Kwana shida ke nan. Kofinsa na nan da guntun shayi a ciki.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe 11:40 na safe

Na shiga wurin Manaja, shugaban ofishinmu na fassara, da babin a hannu. Ya rage ƙarar fanka, ya rufe ƙofa, abin da ba ya yi.

"Malama, kin san watan da muke ciki."

"Na sani, yallaɓai. Na kuma san shafin da muke ciki."

Ya ce baƙi na zuwa daga can ƙarshen wata, littafin na cikin kyautar da za a miƙa a gaban manya, kuma maganar jirgin ƙasa ce ma ta kawo su. Ba a son mace a kan tarago tana yi wa hukuma tsawa. Ba a son shugaban ma'aikata matsoraci, don na nan ma ba za su so ba. Ya ce kowa ya samu abin da yake so a gyaran, har Baba ya fito jarumi.

Na tuna masa dokar ofishin nan, wadda ta girme mu duka. Marubucin da ba ya jin Larabci, mai fassara za ta zaunar da shi ta mayar masa da fassarar baki da baki, ya sa hannu a ƙasan kowane shafi. In babu hannunsa babu bugu. Baba kuwa Larabcinsa bai wuce na salla ba. An sa ranar 25 a fara.

"Ai nan ne sauƙin," in ji Manaja. "Ki riƙe Larabcin a hannu, ki karanta masa nasa da ka. Kin haddace shi ai. Wa zai sani?"

Na ce ni.

Ya kalli ƙofa, ya ce in je in yi tunani. Na tambaye shi ina Ɗan Ƙamus. Ya ce yana hutu.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe 3:15 na yamma

Na rubuta wa Mai Koren Biro wasiƙa, da irin nasa ladabin, har na fi shi zuba mai. Na ce masa Larabcin da na yi shekara shida ina koyo har gashina ya fara zuba ba yaro ba ne da za a rufe wa ido. Na karanta labaran mata a cikinsa da suka tsaya gaban masu mulki suka faɗi abin da ya fi na Gajeriya zafi. Harshen bai taɓa ce mini ba zai iya ɗaukar mace gajera a kan tarago ba. In akwai wanda ba zai iya ɗauka ba, ya sa sunansa, ya daina laɓewa bayan "masu karatunmu".

Na cire jimlar ƙarshe. Na mayar da ita. Na aika.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe

Baban yara yana gyaran famfon kicin da ya yi alkawarin gyarawa tun bara. Kansa na ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya ce, "Wai ba ke ce kika ce min a littafin likitan nan kin mayar da budurwarsa ƙanwarsa ba?"

Na ce wancan daban.

"To. Miƙo min sifana."

Na miƙa masa da ƙarfin da ya fi na miƙo. Wancan daban ne mana. Likitan ya mutu tun kafin a haife ni, ba a gabana zai zauna ba.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe 10:05 na safe

Amsa ta zo. Layi uku. Yana jinjina wa kishin mai fassara mai daraja. Yana tabbatar mini shi ma a ransa ya fi son yadda na rubuta. Gyaran na nan yadda yake.

"A ransa." Ashe yana da rai. Na fi jin haushinsa yau fiye da kullum, don har jiya ina ɗaukarsa biro ne kawai.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 8:50 na safe

An canza makullin durowar Ɗan Ƙamus. Lafiyata lau.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Na je gidan Baba da niyyar in gaya masa. Na same shi a baranda a kujerarsa ta roba, rediyo a cinya, an yi masa aski. 'Yarsa, wadda ke aikin jinya, ta ce tun da aka sa rana yake cin abinci sosai, har ƙari yake nema.

"'Yata ce? Na ji takunki, kamar mai bin wani da sanda." Ya laluba ya kama hannuna. "Gaya mini, can ma za su karanta? Har matansu?"

Na ce har matansu, Baba.

"To madalla. Gajeriya ta sha ce mini ni da bakina zan faɗi gaskiyar, ko da ta mutu. Na ce mata sai dai ki jira. Ga shi ta jira." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya sa aka fito da rigar da zai sa ranar, ya ce in taɓa in ji gugar.

Na taɓa. Na sha shayi. Na yi sallama na fito. Ban faɗa ba, kuma ba tsoro ba ne, lokacin ne bai yi ba.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Na zauna gwada karatun, ni kaɗai, ina mayar da Larabcina zuwa harshenmu da ƙarfi kamar yadda zan yi a gabansa. Kwafina na ɗauka, wanda koren biro bai taɓa ba.

Babi na uku, shafi na arba'in da ɗaya. Baba ya rubuta cewa ranar da ya ƙi shiga yajin, Gajeriya ta watso masa kayansa tsakar gida, ta sa sakata, ta ce ba ta kwana ɗaki ɗaya da mai lashe takalmin manya. Na duba abin da na rubuta. "Ta yi masa nasiha cikin taushin murya."

Na juya shafin gaba da baya ina neman kore. Babu. Baƙin tawada ne, nawa, tun wata biyar da suka wuce. Ban ma tuna na yi ba. Babu wanda ya ce in yi. Hannuna ne ya san abin da zai dawo da kore, ya rage wa mutumin aiki.

Na bi littafin daga farko. Wuri tara na samu. Inda ta yi ashar na sa ta yi ajiyar zuciya. Inda ta yi dariya har ta faɗi ƙasa na sa ta yi murmushi. Na zaunar da matar nan na gyara mata zama tun kafin Mai Koren Biro ya gan ta, sannan na rubuta masa wasiƙa ina tada jijiyar wuya.

Kunya ta kama ni har na kasa cin abincin rana. Na gyara duka taran. Ashar ɗin ma na samo mata na Larabci mai kyau, wanda ya fi nata nauyi.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe 12:10 na rana

Matar Ɗan Ƙamus ta zo kwashe kayansa. Ba a bar ta ta ɗauki takarda ko ɗaya ba. Na wanke kofinsa na sa mata a jaka. Ta ce, "Ya ce in gaishe ki." Na ce ina amsawa. Ban tambaye ta a ina ya faɗa mata ba, ko inda ake tsare da shi.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

'Yar Baba ta tare ni a bakin ƙofar ofis, da kayan aikinta a jiki. Manaja ya kira ta ya gaya mata komai. Ya iya aikinsa, ba zan hana shi wannan ba.

"Ƙanwata, roƙonki na zo yi. Ki karanta masa abin da yake so ya ji."

"Yaya, mahaifiyarki ce fa aka sauke daga kan taragon."

"Na san wadda ta haife ni. Ta rasu, ba abin da zai ƙara taɓa ta. Shi ne a hannuna. Ni ke auna jininsa safe da yamma, ni na san abin da zuciyar nan za ta iya ɗauka. Ba zai taɓa sani ba. Ki bar shi ya tafi da farin cikinsa, me zai rage ki?"

Na ce hannunsa za a sa a ƙasan shafin. Duk wanda ya buɗe littafin a can zai karanta cewa shi ya hau, kuma shi ya tabbatar.

"In wani abu ya same shi, ke ce," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara jakarta ta tsallaka titi.

Tana da gaskiya. Na rubuta a nan don kada gobe in ce ban sani ba. Tana da gaskiya, kuma ba zan yi ba.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Ba zan yi ba.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Wataƙila in ce ba ni da lafiya, su nemo wani ya karanta. To wanin me zai karanta?

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe 4:45 na yamma

Baban yara ya same ni ina guga, na ƙona wuyan rigar makarantar babbar 'yarmu. Ya zare wayar dutsen gugar daga bango ya zauna a bakin gado.

"Na ga matar Ɗan Ƙamus a kasuwa," ya ce. "Ba zan ce kada ki yi ba, don na san in na ce kada ki yi, shi ke nan kin yi. Ina so dai in sani, don tsohon za ki yi, ko don ki wanke na shekara goma sha huɗu?"

Na ce masa famfon da ya gyara yana ɗiga.

"Na sani." Ya tashi. "Gobe ni zan kai ki. Zan jira a waje har ki fito."

Tambayarsa na nan a raina. Duka biyun ne, kuma ban san wanne ya fi yawa ba.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe 3:20 na yamma

An yi.

Ɗakin taro, ƙarfe goma. Baba a cikin rigarsa mai guga, 'yarsa a gefensa, Manaja a ƙarshen tebur yana ta jera birai kamar mai talla. Na ce za mu fara daga babi na ɗaya. Baba ya ce a'a, shi ba shi da tabbacin kwana uku, a fara masa da na tara.

Na ɗauki shafin da za a buga. Manaja ya yi gyaran murya. 'Yar ta kafe ni da ido. Na karanta abin da ke kan takardar.

"Da masu kaki suka iso, sai na taka teburi na hau kan tarago."

Baba ya karkato kunne. "Wa ya hau?"

"Kai, Baba. Haka aka sa a Larabcin."

"Malama ta ɗan rikice ne," in ji Manaja. "Akwai kwafi biyu."

"Kwafi biyu ne," na ce. "Wannan ne za a buga, shi za ka sa wa hannu."

"To ita tana ina?"

"Tana gida tana yi maka addu'a."

'Yarsa ta kama wuyan hannunsa tana ƙirga bugun, ya janye.

"Gajeriya? A gida?" Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Ci gaba, 'yata. Ina so in ji abin da na faɗa a kan taragon."

Na karanta masa har ƙarshe. Maganganunta duka, a bakinsa. An ma ƙara masa jimla ɗaya inda yake roƙon ma'aikata su girmama hukuma. Ban tsaya ko sau ɗaya ba.

Manaja ya zagayo ya sa masa biro a hannu, ya ce ranka ya daɗe, salon can ne, kowace ƙasa da yadda take son labari, ma'anar ɗaya ce. Baba ya juya biron, ya shafa shi, ya ajiye a kan tebur.

"Na farko jarida ce ta yi, ni na yi shiru. Wannan kuma so kuke in yi da hannuna." Ya dafa kafaɗar 'yarsa. "Tashi mu tafi. Sau ɗaya ya isa."

A ƙofa ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa. Baban yara ne ya shigo ya cicciɓe shi zuwa mota. 'Yar ba ta kalle ni ba.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

An cire littafin daga jerin kyauta. Ba za a buga ba, can ko nan. An karɓi makullina a ƙofa, mai gadi yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi. Manaja ya aiko a ce ina hutu.

Baba na asibiti.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe 8:30 na safe

Na kira 'yar Baba sau huɗu, ba ta ɗauka. Wata mota ta tsaya gaban gidanmu tun asuba, da mutane a ciki suna kallon ƙofarmu. Na fita na shanya kayana a gabanta, ɗaya bayan ɗaya, ban yi sauri ba.

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

'Yar Baba ta kira da kanta. "Yana nemanki. Ya ce ki zo da naki kwafin. Ni ban yafe ba, ki sani."

Na ce na sani, Yaya.

Na je gidan. An sallamo shi jiya. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, magana na fita a hankali. Na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya ce in tashi, ba gaisuwar mutuwa na zo ba.

"Karanta mini na tara. Na gaskiyar. Da Larabcin nake so."

"Baba, ai ba za ka ji ba."

"Sunanta ai zan ji. Ko shi ma kin juya shi?"

Na ce ban juya ba, Gajeriya na bar ta. Na fara. Ya rufe ido, ya ɗora hannu a gwiwa. Duk inda sunan ya fito daga cikin Larabcin sai ya lanƙwasa yatsa. Ya gama hannu biyu, ya sake farawa. 'Yarsa na tsaye a bakin ƙofa da kofin magani, ta ƙi shigowa, ta ƙi tafiya.

Da na kai ƙarshe ya ce, "Sha ɗaya."

"Na'am?"

"Sau goma sha biyu na kira ta a babin nan. Ni na faɗa, wannan ta bakin ƙofa ta rubuta, na ƙirga. Ina ɗayan?"

Na ce wataƙila ya tsallake. Ya ce shi direba ne, bai taɓa tsallake tasha ba.

Na ɗora nasa kusa da nawa na bi da yatsa. Na samu a shafi na ƙarshe, inda ta gama magana. Baba ya ce maza dubu suka ɗauki sunanta suna maimaitawa har rufin tasha na amsawa. Ni na rubuta, "suka yi mata jinjina." Matar aure, a ce ƙattin waje na kiran sunanta a bainar jama'a? Hannuna ya ƙi, kuma ranar da na gyara taran nan idona ya wuce ta kansa bai gani ba.

Na gaya masa. Ban ce Mai Koren Biro ba ne, na ce ni ce.

"To mayar," ya ce.

Na soke layin, na rubuta sunanta a bakin mazan, na karanta masa. Ya lanƙwasa yatsan. 'Yarsa ta ajiye kofin, ta zo ta zaro biro daga aljihun rigar aikinta, ta sa masa a hannu, ta kai hannun ƙasan takardar.

Kwafi ɗaya ne a duniya, babu mai buga shi. Sai da ya ɗauki kusan minti biyu yana sa hannun.